Kiriya Efantiya da Tulun da Ba Fuska

Shekara talatin da ɗaya ina gadin gidan tarihin garinmu, kullum ƙarfe bakwai Kiriya (wato Malama) Efantiya Kondili ke shigowa da burodin riɗi. Ta ajiye shi, ta baje tsingaro a tebur, ta manta da burodin. Aikinta haɗa fasassun tukwanen kakanninmu Girkawa. Inda aka rasa ɓari sai ta cike da filasta fari fat, ba ta ƙara zane ko layi ɗaya.

Akwai tulun da ta haɗa daga ɓari sittin: a jikinsa an zana mace baƙa a kan jar ƙasa tana miƙa wa soja garkuwa, amma wurin fuskarta fari. Shekara ashirin tana cigiyar wannan ɓarin.

Saura kwana huɗu ta yi ritaya, sai ga Kiriyos (wato Malam) Pelopidas, mai tara kayan tarihi, daga birnin Atina da ɗan akwati. Da ya buɗe, fuskar ce! Aka ɗora, ta zauna daram. Ni har na fara hawaye.

Ita kuwa ta bi gefen da farce, ta ɗan taɓa shi da harshe.

"An goge bakinsa da magagari don ya shiga. Na wani tulun ne."

Pelopidas ya ce, "Haba baiwar Allah, kyauta fa na kawo. Wa zai gane?"

Shugaban gidan tarihin ya ce, "Efantiya, ki tafi da aikinki cikakke mana."

Na matsa na raɗa mata, "Kiriya, wallahi ya dace."

Ta ce, "Stamati, kai da ko maɓallin rigarka ba ka sa daidai? Koma bakin ƙofa."

Ta mayar da ɓarin cikin akwati. Da rana na same ta bayan gini tana kuka.

To ni har yau kaina a ɗaure yake. Idona ya ga ya shiga. In ta yi daidai, kukan na mene ne? In kuskure ta yi, wa zai faɗa mana?

Kiriya, ke ce mai ɗinke abin da ƙasa ta fasa. Ban gane ki ba, amma na gode. Ku masu tasowa, in ba ku san abu ba, ku bar wurinsa fari yadda ta bari. Ranar Juma'a ta miƙa min makulli ta fita, ba ta ko leƙa ɗakin tulun ba.