Babu gwal a ɗakin Inna Dije

Baba Iro mai rediyo ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina dama koko. Maƙwabciyata ce ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, kin ji kuwa? Baba Mai Sanda ya cika bayan asuba." Ban san lokacin da ludayin ya suɓuce daga hannuna ba. Inna lillahi na yi ta maimaitawa, kokon ya yi gudaji ban kula ba.

An yi masa sutura kafin azahar. Jama'a ta taru, har daga Kiru da Tudun Wada.

Kun san ni ba mai yawan rubutu ba ce a nan. Daga sanarwar makarantarmu ta matan aure sai addu'ar Juma'a. Yau ma da so samu ne, addu'a kawai zan rubuta in ajiye wayar. Amma wani abu ya faru a gidan makokin bayan la'asar, har yanzu fuskata zafi take yi don kunya. Zan faɗe shi. Sai dai ku bari in fara gaya wa waɗanda ba su san shi ba ko wane ne.

Aminin mahaifina ne. Ya goya ni ina jaririya, amma tun ranar da na sauke Alƙur'ani bai ƙara kiran sunana ba, sai Malama.

A bakin kasuwar Bebeji ya yi rayuwarsa yana gyaran rediyo, har wayoyi suka zo suka kwashe masa kwastomomi. Bayan ya rufe shagon ne ya je Kano ya sayo wata na'ura wurin 'yan gwanjo, doguwa kamar sanda, da faifai a ƙasanta. A mace ya sayo ta. Ya zauna ya buɗe cikinta ya tashe ta. In aka bi da ita ta kan ƙarfen da ke binne sai ta yi kuka. Daga nan yara suka sa masa Baba Mai Sanda, ya kuwa amsa.

Abin da yake nema shi ne kasuwar yarintarsa.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, kafin a ba mu mulkin kai, akwai wata kasuwa da ke ci a wajen Ba'awa. Da hanya ta sauya sai kasuwar ta tashi, wurin ya koma gonaki. A nan mahaifiyarsa ke sayar da fura, shi kuma yana ƙarami yana riƙe mata ludaya. Ta rasu bai kai goma ba. Ba hoto, ba komai nata da ya rage a hannunsa.

Kafin ya fara tono sai da ya zo zauren mahaifina ya tambayi hukunci. Ina daga bayan ƙofa na kawo ruwa, na ji mahaifina na dariya.

"Iro, da furfurarka za ka koma tonon ƙasa kamar gafiya?"

"Malam, gafiya ba ta zuwa tambayar hukunci. Ni ka ga na zo."

Mahaifina ya ce masa ya nemi izinin mai gona, kada ya kusanci maƙabarta, kuma duk abin da ake zaton yana da mai shi to tsintuwa ce, sai an yi cigiya. Har ya koma ga Allah a kan haka yake. Ba ya shiga gona sai an kawar da amfani. Duk ramin da ya tona sai ya mayar da ƙasa ya tattake, wai kada saniyar wani ta karye.

Me yake samowa? Tsofaffin kuɗi, anini da ɗari da kwabo, irin masu huda a tsakiya, sun yi kore. Jefi-jefi sisi. Masilla. Ƙararrawar jaki. Kwaɗon da babu makullinsa. Can wajen Falgore ya taɓa samo kan kibiya, ya yi mako yana nuna wa mutane.

Da mahaifina ya rasu, cigiyar cikin gidaje ta dawo wuyana, tunda shi ba zai shiga wurin mata ba. Sai ya ƙullo abu a hankici ya miƙo min. "Malama, a nuna wa tsofaffi."

Akwai wata munduwa ta tagulla da na daɗe ina yawo da ita a jaka. Wata tsohuwar Bafulatana a wajen Doguwa ta karɓa ta jujjuya, ta shafa zanen da babban yatsa, sai hawaye. Na ɗauka an samu mai ita. Ta ce a'a, ba tata ba ce, tata ta fi wannan kauri, amma maƙeri ɗaya ne ya yi su, da tata ɗin aka kai ta gidan miji. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "To ai ta ga 'yar'uwar tata. Ba mu yi yawon banza ba."

Wata rana kuma wata amarya cikin ɗalibaina ta ɓatar da ɗan kunnen da ta aro. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, mai abin ta fara maganganu. Baba ya zo da sandarsa, aka yi masa iso, mata na ta dariya a bayan labule. A cikin tokar murhu ya tsamo shi. Ya hura, ya miƙa mata, ya ce, "'Yar nan, gobe in za ki hura wuta ki cire kayan mutane." Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Lasifikar makarantarmu kuwa ban san sau nawa ya gyara ta ba.

Ganina da shi na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, ya baje anini a faranti yana gogewa da tsumma. Numfashinsa na fita da ƙyar, amma fuskarsa cike da fara'a.

"Malama, zauna ki ji. Na gano layin masu fura."

Na ce ta yaya, Baba?

"Inda kika ga masilla da yawa, dukawa ne suka zauna. Inda kika ga kashin ƙarfe, maƙera ne. To akwai wani wuri gabas da tsamiyar nan, anini ne zube kamar an shuka. Wa ke karɓar anini in ba masu fura ba? Innata a wannan layin take. Na zauna a wurin na yi mata addu'a."

Na ce Allah ya kai mata. Ya ce amin. Ya ce in gaishe da maigidan. Shi ke nan.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa ajiye wayar.

Tun da samari suka fara tafiya haƙar gwal da irin wannan na'ura, mutane suka sa a ransu cewa Baba ma gwal yake samowa. A majalisa a faɗa, a guruf ɗin unguwa a faɗa. Wai tsoho ba zai yini a rana don kwabon da ba ya sayen komai ba. Wai akwai tukunya. Shi dariya kawai yake yi in an gaya masa.

Allah bai bar wa Baba ɗa a raye ba. Daga shi sai matarsa Inna Dije, tsohuwa ce, ƙafa ɗaya ma ba ta taka ta sosai. Magada su ne ita da 'ya'yan ƙannensa.

Bayan la'asar muna zaune a ɗakinta, mu mata, tana kan tabarma a jikin bango da carbi, ta fara takaba ke nan. Sai muka ji sallamar maza. Biyu daga 'ya'yan ƙannen Baba ne. Babban ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa kamar abin kirki, sannan ya ce:

"Inna, a yi haƙuri. Kin san hakkin gado ba wasa ba ne. Gara a duba tun yanzu gaban shaidu, kada gobe a zo ana zargin juna."

Ta ce, "A duba me, ɗan nan?"

"Abin da Baba ya ajiye."

Ba su iya kunna na'urar ba, don haka sun zo da wanda ya iya. Wanda ya saba ɗaukar Baba a babur ya kai shi gonakin nan ya dawo da shi.

Ɗana ne. Ɗan farina. Magidanci da 'ya'yansa.

Ya shigo da sandar Baba a hannu, bai lura ina cikin matan ba, don na ja mayafi. Ƙasar kabarin mutumin nan ba ta bushe ba. Ya fara bin daɓen ɗakin da ita, daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin gado, mata na janye ƙafafu. Ni kuma na ƙara jan mayafina.

Da ya zo gefen tabarmar Inna sai na'urar ta yi kuka.

Duk wanda ya taɓa bin Baba ya san ko marfin kwalba sandar nan ta ji sai ta yi kuka. Shi ma ya sani, ya fi kowa sani. Amma na bakin ƙofar ya miƙe tsaye ya ce, "Yauwa. Inna, ɗan tashi."

Ta dafa bango. Ta fara yunƙurawa. Carbin ya faɗi.

Ku da kuka san gidanmu kun san yadda aka tarbiyyantar da mu da kunyar ɗan fari. A hannun mahaifiyata ya tashi. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki daga ni sai mahaifinsa. In zan aike shi sai in ce a gaya wa wancan. Ban taɓa yi masa faɗa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ba.

Yau na kira sunansa. Da ƙarfi, a gaban surukai da baƙi da ɗalibaina.

Ni kaina muryar ta ba ni tsoro. Ya waiwayo. Da ya gan ni sai ya kashe na'urar, ya jingine ta a bango, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Sauran biyun suka bi bayansa.

Na rasa inda zan sa fuskata. Inna Dije ce ma ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce, "Bar shi, Malama. Sa shi aka yi. Shi ne fa mai kai marigayin asibiti." Ita da aka ci wa fuska ita ke ba ni haƙuri. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Ban kama sunan kowa a nan ba, ba kuma zan kama ba. Nawa na ciki, ban ware shi ba. Amma maganar ba ta mutu ba. Kafin in fito na ji ana cewa a zaure, in an yi sadakar uku za a sa Inna ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba ta ɓoye komai ba. Na kuma ga abin da wasunku ke rubutawa a ƙarƙashin sanarwar rasuwar. Allah ya jiƙan Baba, ina tukunyar take, da alamar dariya.

To ga shaidata, kuma na san za a tambaye ni ita ranar da ba a ƙarya.

Na san kayan Baba Iro. Ni nake kai cigiyarsu, ni nake dawo da su. Suna cikin gwangwanayen madara a akwatin ƙarfe a ɗakinsa na zaure, ba a kulle yake ba, bai taɓa zama a kulle ba. Tsofaffin kwabbai ne da tarkacen ƙarfe da munduwar da ba a samu mai ita ba. Ban taɓa ganin gwal a hannunsa ba, ban taɓa jin ya ambaci ya samu ba. Mutumin da ya zo tambayar hukuncin anini ba zai haƙo tukunya ya ɓoye wa magada ba. Da akwai, da bai mutu rufin ɗakinsa na yoyo ba.

Magada suna da hakkinsu, ban musa ba. A kira malamai a buɗe akwatin da rana tsaka a gaban kowa, a raba yadda Allah ya ce. Amma tsohuwar nan a bar ta ta yi takabarta. In rantsuwa ake so, ga ni. Ni ba mai son rantsuwa ba ce, ɗalibaina sun sani, amma a kan abin da idona ya gani zan yi alwala in dafa, ita a bar ta a zaune.

Gobe da safe can zan koma, kusa da ita zan zauna har a tashi daga makokin. Na kuma aika wa wancan cewa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta kafin ya zo tawa.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Iro. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka haɗa shi da mahaifiyarsa a inda ba a rabuwa. Ka ba Inna Dije haƙuri, ka tsare mata mutuncinta. Mu kuma da muka ji kunya yau, ka yafe mana, ka shirya mana 'ya'yanmu.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya tambaye ni su wane ne. Ya karanta wa Baba Ƙulhuwallahu, ya sa Inna Dije a addu'arsa. Wanda kuma ya rubuta maganar tukunya, ya koma ya goge.