Daminar da Ban Auna Ba

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina auna ruwan sama a ofishin gona na Gwarzo, kuma ba na jin akwai wanda ya riƙe wannan aiki da tsafta irin tawa a duk yammacin Kano. Ma'aunin yana bayan ofis, a fili, an kewaye shi da waya saboda awaki: gwangwani ne mai mazurarin tagulla a bakinsa. Kowace safiya sai in juye abin da ya taru cikin gilashin awo, in durƙusa har idona ya yi daidai da fuskar ruwan, in karanta milimita da ɗigonta, sannan in rubuta da tawada. Ranar da ba a yi ruwa ba, sifili nake sa wa, domin rashin ruwa ma labari ne. Ƙarshen wata in kwafe, in sa hannu, in aika Kano. A duk shekarun nan ba a taɓa aiko mini da tambaya ko gyara ba, balle godiya.

Malamin da ya horar da mu a makarantar aikin gona yakan bi rajistar ɗalibi da bakin rula, layi bayan layi, in ya ga gurbi sai ya tsaya ya dubi mai ita har sai ya sunkuyar da kai. A wurinsa gurbi shaidar ragwanci ce. Na fito daga hannunsa ina ƙyamar gurbi fiye da yadda nake ƙyamar datti a riga.

Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, fom ne ya fara daina zuwa, na koma jan layi da kaina a littafin 'yan makaranta. Sannan aka rage ma'aikata. Cikin waɗanda abin ya shafa har da mutumin da ke karanta ma'aunin Dugabau, a ƙasar Kabo, aka kuma rubuto cewa in haɗa da nasa aikin. Babur ɗin ofis yana jingine ba taya. Na riƙa zuwa a keke duk bayan ruwa, sai in tarar ruwa biyu sun haɗu a gwangwani ɗaya, rana kuma ta sha wani abu daga ciki. Wata rana na isa na tarar waya a kwance, mazurarin babu. Na rubuta takarda ina neman wani, na sake rubutawa, shiru.

Abin da ya kamata in yi sananne ne: in rubuta cewa ba a auna ba, in bar layukan fayau. Na buɗe rajistar, na dubi farin wurin, hannuna ya ƙi.

Akwai wani dattijo manomi na Dugabau da ke kawo barkono kasuwar Gwarzo. Ban taɓa ganin mai riƙe ruwan sama a ka irinsa ba. In na zauna kusa da buhunansa sai ya jero mini mako guda: ran Talata yayyafi ne, ko riga bai jiƙa ba, ran Alhamis da ya sa fartanya laima ta kai tsawon yatsa, ran Asabar ta wuce kamu, har fadama ta ɗauka. Ni kuwa ina da shekarun da na san ruwan da ke sa laima ta kai yatsa a irin ƙasarmu, sai in mayar da yatsa milimita, in mayar da kamu milimita. Ya ga ina rubutu a gefen takarda, ya yi dariya.

"Malam, gwamnati ta ɗauke ka ka ƙirga ruwan Allah, kai kuma ka zo kana ƙirga bakina. To a raba albashin mana."

Na ce masa albashin da ko ni bai ishe ni ba. Ya ce to in sayi barkono, kada zaman ya tashi a banza. Haka muka yi wata uku. Na shigar da lambobin da tawada iri ɗaya da ta sauran, na sa hannu a ƙarƙashinsu kamar kullum. Damina ta gaba aka kawo sabon ma'auni da sabon mutum, ban sake waiwayar shafukan nan ba. Na gaya wa kaina cewa ƙiyasin gwani ya fi awon sakarai, har na kusa yarda.

Na yi ritaya. Mai ɗakina ta rasu bayan 'yan shekaru, 'ya'ya kuma aiki ya warwatsa su, gidan ya yi mini yawa. A lokacin ne aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Wa'azi ya yawaita a kan tauye mudu da shaidar zur, ana zagawa kasuwa ana duba tiyar masu hatsi ko an bubbuge gindinta. Nakan zauna a sahun gaba ran Juma'a ina gyaɗa kai, ina ganin maganar 'yan kasuwa ce. Ko sau ɗaya ban kawo kaina a ciki ba.

Wata Laraba da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidana. Wata jami'a ce daga Kano, mace mai kamun kai, 'yar gidan malamai a Kabo, har na san mahaifinta da karatu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jiki, da iyali, da zaman ritaya, ta yi mini ta'aziyyar da ta ce ta makara, ni ma na tambayi mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka gama wannan duka ta sa direba ya shigo da kwali. Rajistocina ne, har da littattafan 'yan makarantan nan masu layin rula. Ban san suna nan ba. Na ɗauka gara ta gama da su tuntuni.

Ta bayyana mini cewa ana tattara duk awon ruwan sama na jiha, tsoho da sabo, ana zuba shi a kwamfuta, a haɗa da na wasu jihohi da na wasu ƙasashe, a gwada da abin da tauraron ɗan'adam ke hangowa daga sama, domin a gane yadda damina ke sauyawa. Ta ce a duk waɗanda suka shigar, nawa ne kaɗai ba su tarar da gurbi ko ɗaya a ciki ba, har ana shirin sa su a matsayin abin gwada na sauran. Na gyara zama. Shekara talatin nake jiran wannan magana, ban san ina jiranta ba sai da na ji ta.

Sannan ta buɗe littafin Dugabau, ta juyo da shi wajena.

"Baba, abu ɗaya ne ya kawo ni. A damina ɗaya, wata uku a jere, duk lambobin nan da sifili ko biyar suke ƙarewa, kuma ba ɗigo ko ɗaya. Sauran shekarunka ba haka suke ba. Ruwan sama ba ya zuwa a daidaice haka."

Na duba. Goma, ashirin da biyar, goma sha biyar, arba'in. Rubutuna ne, kyakkyawa kamar kullum. Ban taɓa lura ba. Mai karanta gilashi abin da ya gani yake rubutawa, ko bakwai ne ko uku. Mai ƙiyasi kuwa hannunsa da kansa yake zuwa wurin lamba mai daɗin faɗi.

Sai ta shiga nema mini mafita cikin ladabi. Ta ce wataƙila gilashin ne ya fashe a lokacin aka yi amfani da wani abin awo mara ƙananan layuka, don sun ga irin haka a wasu wurare. In haka ne, sai ta rubuta, a bar lambobin, maganar ta ƙare. Dattijon barkono ya daɗe da rasuwa. Mutumin da aka sallama bai san abin da ya biyo bayansa ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da sunan da ta zo mini da shi.

Maimakon in amsa, sai na tambaye ta wane ne ya lura. Ta ce ba kowa. Na'urar ce ta bi lambobin duka, ta ware waɗanda ba su yi kama da 'yan'uwansu ba. Wannan ya fi tambayar tata yi mini nauyi. Ashe duk safiyoyin nan da na durƙusa a gaban gilashi, ba mahalukin da ya taɓa karanta abin da na rubuta layi bayan layi sai ƙarfe, shi kuwa da ya karanta, inda na yi ƙarya ya tsaya.

"Ba gilashi ne ya fashe ba, Hajiya," na ce. "Ban auna ba. Tambaya na yi a kasuwa."

Na gaya mata komai, da mazurarin da aka ɗauke, da yatsa, da kamu. Ba ta nuna mamaki ba, ba ta kuma yi mini rarrashi ba, abin da na gode mata a kansa. Ta ce akwai alamar da suke sa wa ƙiyasi, za a iya barin lambobin da alamar. Na ce a'a. Ƙiyasin da aka yi aka bayyana daban, wanda aka sa wa hannu da sunan awo daban. Na shiga ɗaki na ɗauko jan biro da rula, na soke layukan ɗaya bayan ɗaya a gabanta, na rubuta a gefe cewa ba a auna ba, na sa hannu. Ta ce to yanzu ba za a iya kiran rajistar cikakkiya ba, ta Gwarzo ma sai an sake bin ta da kyau kafin a dogara da ita. Na ce daidai ne, a bi. Ta rubuta bayanin yatsa da kamu a littafinta, ta ce abin sha'awa ne, aka mayar da kwalin mota.

Yanzu ina ji a rediyo cewa wayar hannu na gaya wa manomi ranar da zai yi shuka, daga lambobin da babu mai iya ƙirga yawansu, waɗanda na'urori ke tarawa ba dare ba rana ba tare da kowa ya durƙusa ba. Ban san yadda suke yi ba, ba na kuma da'awar sani. Na dai san cewa a wani wuri cikin wannan tarin akwai Dugabau, da wata uku babu komai, kuma ni na sa aka bar su haka.

Ran da ta tafi, bayan la'asar, na ji ina bukatar in faɗa wa wani. Na sami wani tsohon abokin aikina a dakalin ƙofar masallaci, na zayyana masa abin da ya faru tun daga farko. Ya saurara yana jan carbi. Da na kai ƙarshe sai ya tambaye ni wace shekara ce ma, ko ita ce wadda gero ya yi kyau. Na ce ita ce. Ya ce to ai an yi ruwa ke nan, ya koma maganar tsadar taki. Na zauna tare da shi har aka kira magariba.