Ƙaho da ragar da ke cikin kaina

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Ban mutu ba, jinya na yi. Ɗiyata Hauwa ka rubutawa, ni ina hwaɗi.

Tuwo nike tuƙawa muciya ta kuɓuce mini. Hannun dama awa ba nawa ba. Na kira Hauwa, harshe ya ƙi.

Tsoro ya kama ni. Haka na Malam, mijina, ya hwara. Shekara ukku shina kwance, ni ka juya shi, har ya rasu. Ba mutuwa nike tsoro ba, kwanciyar nan ce.

Daga asibitin Kaura aka tura mu Gusau, daga nan Abuja. Suka sa ni cikin wani inji mai ƙara awa na niƙa, suka ɗauki hoton kai. Likita ya ce, "Mama, hanyar jini ta tsuke cikin ƙwaƙwalwa. Za mu bi ta jijiyar cinya mu sa 'yar ragar ƙarhe ta buɗe ta."

Na ce, "Daga cinya har kai?"

Ya ce e. Na yi kalmar shahada, na dangwala yatsa ga takarda. Shanun da Malam ya bari suka tahi wajen biyan kuɗin aiki.

Aiki ya yi kyau. Aka ba ni ƙwayoyin tsinka jini, kullum, ba hwashi.

Sai na yi wauta. Kowace bazara Wanzami Isa shina yi min ƙaho a ƙeya. Na tahi, ban gaya ma kowa ba. Ya tsaga, jini ya ƙi tsayawa. Zane biyu suka jiƙe. Shina cewa, "Hajiya, mi kika sha?"

Don tsoro na daina ƙwayar, ina ƙulle ta a bakin zane.

Kwana biyar, hannun ya sake nauyi. Hauwa ta kwance ƙullin, ta dube ni. "Inna, so kike in juya ki yadda kika juya Baba?"

Muka koma asibiti.

Likita ya ce ragar ta kusa toshewa. "Ƙaho za ki bari, Mama, ba magani ba."

Yanzu ina tuƙa tuwona. Na gode Allah, na gode ma waɗanda suka yi addu'a.

In hannu ya mutu ko baki ya karkace, ku tahi asibiti take. Mai shan ƙwayar jini kar ya yarda da aska, kar ya daina ƙwayar sai likita ya ce.

Isa ya aiko gaisuwa. Na ce ina amsawa, daga nesa.