Takalman da Muka Bari a Bakin Ƙofa

Ranar Talata ce. Ƙarfe takwas na safe ni da Yaya Habu muka sha shayi a ɗakinmu na unguwar Dengfeng, hawa na uku, yana yi mini tsiya wai na fi ƙwazo a kan burodi. Muka wuce kasuwar Baima, muka ɗaure wa wani Alhaji daga Kano dila huɗu ta dogayen riguna. Shekara biyu ke nan da ƙarewar bizarmu. Kowa ya sani.

A watan ne aka liƙa sanarwa a kowane lungu: mai gidan da ya ba marar takarda haya zai sha tara, wanda ya kai rahoto kuma yana da lada. Manyan ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna garin suka yi ta taro suna musu. Masu biza suka ce mu ne ke ɓata musu suna. Mu da muke yi musu dako! Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka taru sallar azahar a ɗakinmu, mu goma sha ɗaya. Muka tuɓe takalma a waje, yadda aka koya mana tun muna yara. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Takalman mutum goma sha ɗaya a ƙofar ɗakin da aka yi wa rajistar mutum biyu. Wanda ya kai rahotonmu ko wahala bai sha ba.

Muna raka'a ta uku 'yan sanda suka fara dukan ƙofa.

"Huzhao! Huzhao!" Fasfo ke nan a yarensu.

Ƙofa ta karye. Na ji kulki ya sauka a bayan liman. Sahu ya watse. Yaya Habu ya fizge ni zuwa kicin, ya tura ni ta taga.

"Kama bututun! Sauka!"

Na sulale, tafin hannuna na salewa. Shi ya fi ni jiki. Yana kamawa bututun ya ɓalle. Ya faɗo ta baya a kan siminti, tim. Idonsa biyu, amma ƙafafunsa ba sa motsi. Sama ana busa usur.

"Gudu!" in ji shi.

Na gudu. Ban yafe wa kaina ba, su ma 'yan sandan da wanda ya kai rahotonmu ban yafe musu ba.

Ba takalmi, lungu-lungu, sai ƙarfe huɗu na isa unguwar Liwan. Isuhu, wani ɗan Maraɗi, ya ɓoye ni a sitonsa bayan kwalaye. Shi ya gaya mini an kai Yaya asibiti, kuma a bakin ƙofar asibitin ana duba fasfo. Kwana uku ina nan zaune, ban je ba. Ranar Juma'a da hantsi Yaya ya cika.

Mutum bakwai suka yi masa salla. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, amma ba ni a cikinsu. Da na kira gida, Inna ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: ko ni na rufe masa ido.

Na ce mata e.