Yaya Sani, Lami da 'Yan Kifayen Gilashi

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Malam Sani na Ƙofar Ƙaura, Allah Ya jiƙansa. Har yau in hadari ya haɗo, shi nake gani yana jera robobi a tsakar gida.

Zamanin da kuɗin mai suka buɗe, abokan aikinsa na ta sayen babura, shi kuwa ya dawo daga Legas rungume da akwatin gilashi. Kifaye ne a ciki 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ɗan yatsa ba, da zanen shuɗi mai ƙyalli a gefe, wajen wutsiya ja jawur. Wai daga Kudancin Amurka suke. Muka yi ta masa tsiya: kifin da ko miya ba zai yi ba!

Ba su yin ƙwai a ruwan rijiyarmu, sai ruwan sama, sai an lulluɓe gilashin da zane. Da sun zuba ƙwai kuma dole a cire iyayen, in ba haka ba su cinye. Matarsa Lami kuwa ta daɗe a gidan ba haihuwa, dangi sun tasa shi gaba ya sallame ta. Ranar da ya samu ƙwan farko, ya cire iyayen, yana fita ofis ta sa ludayi ta mayar da uwar wajen ƙwan. Ya dawo babu ko ɗaya.

"Lami, mi ya kai ki?"

"Ita da Allah Ya ba, a raba ta da ɗiyanta? Ban iyawa, Malam."

Na zaci sama za ta faɗo. Sai ya zauna a bakin ƙofa, ya ce, "Damina na dawowa." Daga ranar, duk wanda ya kawo masa zancen saki ya sha kunya. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse.

Da na yaye ɗiyata Safiya na kai masu ita riƙo. Lami ta karɓa tana kuka, amma kullum sai ta goyo ta zuwa gidana, wai kada ta manta uwarta.

Yanzu ta waya ake sayen irin kifayen nan, har da injin tace ruwa. Da Yaya na nan, na san zai tambaya ko injin na koya wa mutum jira. Nasa kifayen sun daɗe da ƙarewa, kewarsa ce ba ta ƙare ba.

Lami ta tsufa, tana hannun Safiya. Bana da ruwan farko ya sauka ta ce a jera robobi.

"Inna, ai babu kifi," in ji Safiya.

"Na sani. Jera dai."