Malam da Kyamarar Ƙofar Gida

Ku da kuka san Malam kun san ba ya barin gidanmu na Gwagwalada sai ya tsaya gaban kyamarar ƙofa, ya gyara hula, ya ɗaga murya: "Hajiya, na fito?" Ni kuma in dubi talabijin daga falo in ce, "Ka fito, Malam." Sannan ya kama hanya.

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Tun ranar zaman makoki talabijin ɗin ya yi baƙi ƙirin. Ba tsoron ɓarayi ya dame ni ba. Hotonsa mai motsi ko ɗaya ba ni da shi, sai in akwatin da ke ajiye hotunan kyamarar ya riƙe min wani abu.

Abba, babban ɗanmu, shi ya sa mana kyamarori uku bayan an sace mana janareta. Ranar da aka ɗaura su Malam ya ga ɗaya tana hango tsakar gidan maƙwabcinmu. Dattijo guda, ya jingina tsani ya hau, ya zura mata safarsa!

"Haba Baba, ai ta nan ɓarayin suka hauro," in ji Abba.

"Su hauro. Ɓarawo janareta zai ɗauke min, leƙen gidan mutane kuwa lahirata zai ɗauke."

Safar nan har yau tana wurin.

Bara hoto ya taɓa ɗaukewa. Malam ya hana a kira mai gyara. Shekara talatin yana tuƙa motar gwamnati, don haka komai a wurinsa mota ne. Ya zare wayoyi ya hura su, ya bubbuga akwatin, ya kara kunne kamar mai sauraron inji. Daga baya ya yanke hukunci wai sanyi ne ya kama shi, ya kai shi rana ya shanya kusa da barkonona. Kwana uku muna haka, har Abba ya gaji ya turo Bulus, mutumin Filato da ya ɗaura kyamarorin.

Bulus bai yi minti biyu ba ya leƙa bayan kabad. "Oga, wa ya cire wayar kyamara daga soket?"

Rediyon Malam ne a jone a wurin. Na zuba masa ido. Ko gezau bai yi ba.

"Ni na cire," in ji shi. "Gwada ka nake, in ga ko ka san aikinka. To, ka ci."

Wannan karon da talabijin ɗin ya yi baƙi, Abba ya ce a zubar da tsohon kayan a sa sabo. Na ce kada wanda ya taɓa akwatin nan sai Bulus ya zo. Shekaranjiya ya zo, ya yi min gaisuwa, ya duba soket tukuna, ni da shi muka yi murmushi. Sannan ya bi waya har waje. Ashe masu kafa rumfar makoki ne ƙarfensu ya tsinke wayar da ke kai wa kyamarorin wuta.

"Mama, kin yi sa'a," in ji shi. "Akwatin nan in ya cika, sabon hoto ne ke goge tsoho. Da wayar ba ta tsinke ba, da tuni hoton Baba ya goge."

Na matso kusa da akwatin. Na ce kada ya haɗa wayar sai ya kwashe min abin da ke ciki.

Ya danna, sai ga Malam, kwana biyu kafin ya kwanta ciwo. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya zagaya bayan tankin ruwa, ya zaro lemon kwalba daga aljihu. Mutumin da likita ya hana zaƙi, shekara shida ina dama masa kunu ba sukari! Ya shanye tas, ya goge gemu. Sai ya ɗago, suka yi ido huɗu da kyamarar. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗora yatsa a baki.

Na yi dariya har ta juye kuka, Bulus ya rasa inda zai sa kansa.

Malam, na tona maka asiri, ka yafe min. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara, inda babu likitan da zai hana ka.