Miksar Gwadabe da Muryar Safara'u

Duk wanda ya yi biki ko walima a Wudil cikin shekarun nan, da wuya a ce bai yi hulɗa da Gwadabe mai lasifika ba. Gajeren mutum ne mai sanyin magana, in yana zance sai ka matso kusa. Da gyaran rediyo ya fara a wata 'yar rumfa kusa da tasha, a hankali ya haɗa lasifika da janareta, daga baya ya samu tsohuwar miksa a hannun wani makaɗi da ya ajiye sana'a. Miksa ita ce allon nan mai maɓallai birjik da ake soka makirfo a jikinsa, a daidaita murya da kiɗa kafin su fita. Da ita ya zaga Darki da Lajawa da ƙauyukan bakin kogi a bayan a-kori-kura, ana ruwa ana rana.

Matarsa Safara'u 'yar Indabo ce. Wurin kakarta ta gaji kiɗan ƙwarya da waƙoƙin mata, na daka da na reno da na ranar suna. Ba ta taɓa mai da abin sana'a ba. In an yi haihuwa a unguwa, mata za su turo a kira ta, ta kifa ƙwarya a kan ruwa a tsakar gida, ta yi ta rerawa ana amshi har la'asar. Shi kuwa yana can waje da kayansa wajen maza, don haka bai taɓa ɗora mata makirfo ba, kuma abin bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Da dashewar murya ciwon ya fara, aka ɗauka mura ce. Aka sha citta da kanumfari, aka sha zuma, abin bai tafi ba. Da haɗiyar abinci ta soma yi mata wuya, 'yarsu ta uku, Radiyya, wadda take aikin buga takardu a wani shago kusa da jami'a, ta matsa aka kai ta asibiti a Kano. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki, kuma bai ɓoye musu ba cewa bayan aikin ba za ta sake magana kamar da ba.

Suka kamo hanyar gida a mota. Sai da suka hau gadar Wudil Gwadabe ya juyo ya tambayi 'yarsa ko kwamfutar da take aiki da ita tana iya ɗaukar murya. Ta ce tana iyawa, har wayar hannu ma tana yi. Ya girgiza kai, ya ce ya sha jin abin da waya take yi wa ƙwarya, sai ka ce ana buga gwangwani. Ta miksa yake so a bi.

Radiyya ta kawo kwamfutar gida, sai ga shi rami ɗaya ne tak a gefenta, na abin sawa a kunne. Gwadabe ya yanko waya, ya kama kanta da dalma, ya haɗa daga bayan miksa zuwa ramin. Suka yi magana a makirfo, layin sauti da ke kan allon kwamfutar ya tsaya cik bai motsa ba. Ya sauya kan wayar, layin ya motsa, amma da aka saurara sai ƙara da kwarmato. Ya rage, ya ƙara, ya kwance ya sake ɗaurawa, ya ƙi karɓar aikin wani biki a Darki saboda wannan. Daga ƙarshe wani mai sayar da kayan sauti a Kano ya gaya masa ƙarfin miksa ya fi ƙarfin wannan ramin, akwai ɗan akwati da ake sawa a tsakani, amma nasa sun ƙare, sai an kawo daga Legas.

Jiran akwatin ya ci makonni. Safara'u tana kallon su daga kan tabarma tana murmushi, wani lokaci ta ce, "Malam, ka bar wahalar da kanka." Shi kuma kullum da safe in ta gaishe shi, sai ya ji muryar ta ƙara shaƙewa, ya sunkuyar da kai ya amsa.

Ranar da akwatin ya iso, ya haɗa, sai wani gurnani ya tashi a ƙarƙashin sautin kamar na ƙudan zuma. Radiyya ce ta lura in an zare cajar kwamfutar yana ɗaukewa. Suka kashe janareta, suka jona miksa da batir, suka jingina katifa a bango, suka toshe taga da bargo. Da hantsi Safara'u ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta zauna gaban makirfo da ƙwaryarta. Gwadabe ya durƙusa gaban miksa, yana daidaita maɓallai.

Ta yi waƙar reno, ta yi ta daka, tana tsayawa tana kurɓar ruwa. Inda da take ɗaga murya, yanzu iska ce kawai ke fita. Da ta gaji, ta ce a kunna mata ta ji. Aikin ya yi kyau, babu ƙara, babu gurnani, har numfashinta ana ji. Ta saurara har ƙarshe idonta a ƙasa.

"Wannan ba ni ba ce," in ji ta. "Malam, don Allah a goge. Kada jikokina su taso su ce haka nake waƙa."

Radiyya ta fashe da kuka, ta ce ko yaya take muryar uwarta ce, ita tana so. Gwadabe ya daɗe yana kallon matarsa, yana jiran ko za ta sauya magana. Ba ta sauya ba. Ya ce wa 'yarsa ta goge.

"Baba, in na goge shi ke nan fa."

"Na sani. Tata ce."

Ya tsaya a kanta har ta goge, sannan ya fita zaure ya zauna, bai shigo ba sai da aka kira azahar.

Washegari Safara'u da kanta ta aika aka kira maƙwabciyarta Talatu da wasu mata biyu da suka saba yi mata amshi. Ta ce su yi waƙoƙin, ita ta kaɗa, Gwadabe ya ɗauka. Inda suka ɓata baiti sai ta ɗaga hannu, ta raɗa wa Talatu a kunne, a sake. Haka suka yi ta yi har ranar tafiya asibiti ta zo, ba su kai rabin abin da ta sani ba.

An yi aikin, ta dawo gida tana magana da hannu. Ta ga damina, ta ga kaka, kafin azumi ciwon ya dawo, Allah ya yi mata rasuwa.

Radiyya ta daɗe tana riƙe da mahaifinta a zuci. Takan zo ta gaishe shi, ta ajiye masa abinci, ta tafi ba hira. Bai taɓa kare kansa ba. Sai da ta haihu, ranar suna Talatu ta nemi a kunna abin da suka ɗauka, mata suka yi amshi suna share hawaye, daga nan ne ta soma zama wurinsa su taɓa zance. Maganar abin da aka goge kuwa, har yau babu wanda ya tayar da ita a tsakaninsu.

Gwadabe ya koma aiki bayan arba'in, sai dai ya rage zuwa ƙauyuka masu nisa saboda ciwon gwiwa. Wasu matasa masu waƙa sun ji labarin ya iya haɗa miksa da kwamfuta, suka zo neman ya riƙa ɗaukar su a gida. Ya nuna musu yadda ake yi, ya ba su aron ɗan akwatin, ya ce su je can su yi, shi ɗakin da aka yi ɗaukar ya mai da shi wurin ajiye hatsi.